Zan fara taka Hanyar Apalaciyan bayan ƙaramar sallah, me zan gyara kafin in tashi?

Ɗan_Fagge_ATL: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan doguwar hanyar tafiya a ƙafa da ta ratsa tsaunukan gabashin Amurka. Niyyata in fara daga kudu, daga dutsen Springer da ke Jojiya, mako guda bayan ƙaramar sallah, cikin watan Maris, in nufi dutsen Katahdin, ƙarshen hanyar, a jihar Maine in Allah ya yarda. Na ware wata shida. Nauyina kilo 72. Na ɗora jakar goyona a sikeli da komai a ciki, har da abincin kwana bakwai da ruwa lita uku, ta kai kilo 23. Lissafina mil 15 kullum tun daga ranar farko. Takalmina but ne na fata, sabo fil, ko taka shi ban yi ba. Ina zan fara, daga gandun Amicalola da ke ƙasa, in haura, ko daga saman Springer? Kuma me kuka ga bai yi ba a wannan shiri?

Malam_Sanda: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ƙanina, abu uku ne ba su yi ba, kuma kowannensu shi kaɗai ya isa ya mayar da mutum gida kafin mako: nauyin jaka, yawan mil, da sabon takalmi. Fara da lissafi. Hanyar kusan mil 2,200 ce, wajen kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14. Ka raba da kwana 180, mil 12 da ɗoriya ke nan a rana, har da ranakun hutu a ciki. Ba a Jojiya ake biyan wannan bashi ba, sai an shiga Bajiniya ƙafa ta saba, a nan mil 18 ko 20 ke zuwa da kansu. Mako biyun farko ka tsaya a mil 8, iyaka 10. Dalili shi ne huhu da tsoka suna sabawa da wuri, amma jijiyoyi da gaɓoɓi suna ɗaukar makonni. Mutum zai ji yana da ƙarfin ƙarawa, ya ƙara, bayan kwana biyar agara ta kumbura ko ƙwauri ya riƙe. Cikin mutum huɗu da suka tashi da niyyar kaiwa ƙarshe, kusan ɗaya ne ke kaiwa, kuma da yawa daga masu fasawa tun a Jojiya suke fasawa.

Bakano_Dawsonville: Malam Sanda ya faɗi gaskiya. Batun nauyi, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Kai kilo 72, kada ka wuce 14 da rabi. Kana da rarar fiye da kilo 8. Abincin kwana bakwai ba shi da amfani a farkon nan, domin Neels Gap tana mil 31 ne kawai daga Springer, kuma hanyar ta bi ta cikin ginin shagon da ke wurin, za ka sake sayen abinci. Ruwa kowace lita kilo ɗaya ce. Jojiya a watan Maris ƙoramu sun cika, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa a mafi yawan wurare. Inda ake cika gora sosai shi ne bayan Hawk Mountain, don daga nan zuwa ƙoramar Justus wajen mil shida ne ba ruwan da za ka dogara da shi, ga hawan Sassafras a tsakiya. Daga abinci da ruwa kaɗai ka sauke kilo huɗu.

Ɗan_Fagge_ATL: Na gode. Sauran kilo huɗun daga ina za su fito? Ga abin da ke ciki: tanti na mutum uku, bargo, riguna biyar, wanduna uku, tukunya biyu, risho mai gas, ƙaramin gatari, tocila babba, darduma.

Bakano_Dawsonville: Gatari ya zauna a gida, ba a sarar itace a hanyar. Tanti na mutum ɗaya ko biyu wanda bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Tukunya ɗaya mai cin mililita 750 zuwa lita guda, cokali ɗaya. Tufafi kashi biyu ne kawai: na tafiya, wanda zai jiƙe da gumi da ruwan sama kuma a haka za ka sake sa shi da safe, da na barci, wanda ba ya fita daga leda sai ka shiga tanti. Safa ƙafa uku, biyu na tafiya ɗaya na barci. Tocila ka canza ta da fitilar goshi. Darduma kuma, ƙyalle mara nauyi ko shimfiɗar da kake sa wa a ƙarƙashin tanti ta wadatar in tana da tsarki.

Hajiya_Tsauni: Bargon nan ne ya fi tayar min da hankali. Ɗan'uwa, kada zafin Atlanta ya ruɗe ka. Duk mita 1,000 da ka hau, ma'aunin zafi na sauka da wajen digiri shida da rabi, kuma Blood Mountain mita 1,359 ne, ga iska a kan tudu. A Maris dare na sauka ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara kan zuba, kuma tsaunukan Smoky da ke gabanka sun fi haka sanyi har cikin Afrilu. Buhun barci kake buƙata mai lambar digiri 20 na Faranhait, wato 7 ƙasa da sifili a Selshiyas. Ka lura, lamba biyu ake rubutawa a jikinsa: ta jin daɗi da ta iyaka. Ta jin daɗin za ka duba, musamman wanda jikinsa bai saba da sanyi ba. Sannan buhun shi kaɗai ba ya aiki, don abin da ka kwanta a kansa ya danne, ƙasa za ta riƙa zuƙe ɗuminka. Katifar da za ka shimfiɗa ta kasance mai lambar R (ma'aunin tare sanyin ƙasa) uku zuwa huɗu. In buhun na gashin agwagwa ne, ruwa ya taɓa shi ya tashi daga aiki, don haka ka zura babbar leda mai kauri cikin jakar, buhu da kayan barci su shiga ciki, ka murɗe bakinta. Murfin jaka na waje ba ya hana ruwa bi ta bayanka ya shiga.

Nas_Baltimo: In ƙara a kan maganar Hajiya: auduga ba ta zuwa wannan tafiya, ko singileti ko safa. Tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki tana janye ɗumi. Ulu ko yadin roba ake sawa. Sanyin da ke kashe mutum a tsaunukan nan ba na ƙanƙara ba ne yawanci, na ruwan sama ne da iska lokacin da ma'auni ke digiri 3 zuwa 8, saboda a lokacin mutum ke sakaci. Alamominsa: karkarwa, yatsu su kasa jan zik, harshe ya yi nauyi, tuntuɓe, tunani ya cushe. In karkarwa ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya yi nisa. Da zarar yatsu sun fara gardama, a tsaya a kafa tanti, a cire jiƙaƙƙu, a shiga buhu, a sha abu mai zafi da sukari. Ba a cewa bari in ƙarasa mil biyun nan.

Zongo_Bronx: Ni tambayar farko ba a amsa masa ba. Amicalola ko Springer? A ganina ya tsallake Amicalola. Mil 8.8 ɗin da ke tsakanin Amicalola da Springer ba sa cikin lissafin hanya, ga matakala 604 a gefen magangarar ruwa, mutum da sabuwar jaka a ranar farko. Mota na kai mutum ta hanyar daji mai lamba 42 zuwa wurin ajiye motoci, daga nan mil ɗaya ne ka hau ƙololuwa, ka juyo ka kama arewa.

Malam_Sanda: Zongo, ban yarda da kai ba a nan, kodayake duka biyun halas ne, ba wanda zai ce bai taka hanyar ba. A Amicalola akwai ofishin da ake rajista, a ba ka lamba, akwai sikelin rataye jaka, kuma masu kula da hanya suna yi wa masu tashi bayani kan beyar da tsafta. Mutum irin ƙaninmu mai kilo 23 ya fi kowa buƙatar ya bi ta wurin, ya sauke kaya tun wanda ya kawo shi bai juya ba. Sannan hanyar dajin ba kwalta ba ce, in an yi ruwa ko ƙanƙara ƙaramar mota na shan wuya. In hawan ya yi yawa, akwai rumfar Black Gap wajen mil bakwai da ɗoriya, sai ya kwana, da safe ya hau Springer da sabon ƙarfi.

Zongo_Bronx: Na ji, amma in ya bi ta nan abincin da Bakano ya lissafa ya ƙaru da kwana guda. A gyara masa lissafin.

Bakano_Dawsonville: Haka ne. Ga yadda za ta kasance in daga Amicalola ne. Ranar farko Black Gap ko Springer. Ta biyu Hawk Mountain, mil 8 daga Springer. Ta uku rumfar Gooch, kusan mil 16 daga Springer. Ta huɗu Lance Creek, mil 24 daga Springer, kuma ya isa da wuri don wuraren kafa tanti kaɗan ne. Ta biyar ya haye Blood Mountain ya gangara Neels Gap. Abincin kwana huɗu da rabi, giram 800 a rana, bai kai kilo huɗu ba. Dalilin tsayawa a Lance Creek: daga Jarrard Gap zuwa Neels Gap, tsakanin 1 ga Maris da 1 ga Yuni, doka ta hana kwana sai da gwangwanin abinci mai tauri wanda beyar ba ta iya buɗewa. Wanda ba shi da shi dole ya ratsa wurin da rana. Kuma in ka ji harbi ko jirgin sama mai saukar ungulu da dare a wajen Hawk Mountain kada ka firgita, sansanin horon sojoji na Merrill yana kusa.

Hajiya_Tsauni: Gwangwanin nan ni ina ganin ya saya kawai. Kilo ɗaya da ɗoriya ne, gaskiya, amma ratayar abinci yadda ya kamata tana da wuya: ƙafa 12 daga ƙasa, ƙafa 6 daga gindin bishiya, ƙafa 6 ƙasa da reshe. Mutum a gajiye, magariba ta yi, yatsu sun ƙage, yana jifan reshe da dutse ɗaure da igiya. Mafi yawan ratayar da ake gani a hanya beyar na iya kaiwa gare su. Ƙungiyar da ke kula da hanyar ma gwangwanin take ba da shawara a ɗauka.

Bakano_Dawsonville: Hajiya, muna ƙoƙarin sauke masa kaya kina ƙara masa. Rumfunan Jojiya akasarinsu suna da wayoyin rataya ko akwatin ƙarfe, Smoky ma akwai wayoyi. In zai riƙa kwana kusa da rumfa, buhu da igiya mita 15 sun ishe shi.

Hajiya_Tsauni: Sai ranar da ƙafa ta ƙi kai shi rumfar. Kuma a Maris rumfuna cike suke, mutum talatin ko fiye a wuri ɗaya. Ko ma wanne ya zaɓa, ba abinci kaɗai ke shiga ba: man goge baki, sabulu, man shafawa, turare, ledar da aka ci abu a ciki, duk abin da ke da ƙanshi. Kada ya kwana da ko dabino ɗaya a tanti. Beyar ɗin wurin baƙa ce, yawanci gudu take yi. In kun haɗu kada ka ruga, ka ɗaga murya, ka ja da baya sannu a hankali kana fuskantarta. Ɓeraye ma suna nan a rumfa, ka bar zik ɗin aljihunan jaka a buɗe don kada su huda.

Ɗan_Damagaram: Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Mu da ke gida, akwai irin wannan tafiya a kusa, wadda mutum zai gwada kansa?

Gembu_Boy: Akwai, Malam. Gandun Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Ya fi duk wani tudu da ke kan Hanyar Apalaciyan tsawo, don mafi tsayinta, Kuwohi, wanda a da ake kira Clingmans Dome kafin a mayar masa da sunansa na Cherokee a 2024, mita 2,025 ne. Bambancin shi ne a Gashaka babu fenti a jikin bishiya da zai nuna maka hanya, babu rumfa, babu shago. Ta ofishin gandun da ke Serti ake bi, a haɗa ka da ma'aikatan daji, da rani ake zuwa lokacin da koguna suka ja, kuma sai ka tambayi halin tsaro kafin ka tashi. Akwai ƙudan tsando a ƙasa-ƙasa, dogon hannu dole ne.

Malam_Sanda: Madalla. Tunda an ambaci fenti, ƙanina ka riƙe wannan: alamar hanya farin fenti ne a tsaye, inci 2 a 6, a jikin bishiya ko dutse. Biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, na nufin kwana ko mararraba na gaba. Shuɗi na kai ka ruwa, rumfa, ko wata hanya dabam; hanyar Amicalola ma shuɗi ce har saman Springer. In ka yi minti goma ba ka ga fari ba, waiwaya, don ana shafa shi ta fuska biyu. Ba ka gani ba, koma inda ka gan shi na ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne fitowa daga rumfa da safe a juya kudu ba a sani ba. Mu dawo kan takalmi, har yanzu ba a taɓa shi ba.

Kambas_Kawai: Ni a nan nake. But na fata mai nauyi in ya jiƙe sai ya kwana biyu bai bushe ba, in dare ya yi sanyi ya daskare kamar itace. Mafi yawan masu doguwar tafiya yanzu kambas na gudun daji suke sawa, mara nauyi, mai ƙasa mai haƙora. Yana jiƙewa nan da nan, yana bushewa nan da nan. Yana kai mil 400 zuwa 500, don haka ƙafa huɗu ko biyar za ka ci kafin Maine. Kada ka saye su duka yanzu, ƙafa na buɗewa a hanya, lamba na iya ƙaruwa. Ka sayi wanda ya fi lambarka da rabi ko ɗaya, ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta kumbura, da safar da za ka yi tafiya da ita. Tsakanin babban yatsa da bakin takalmi a samu faɗin babban yatsan hannu. In babu, gangaren Blood Mountain zai baƙanta maka farce, daga baya ya fita.

Alhaji_Dattijo: Yaro, kada ka yanke wa but hukunci haka. Mai kaya masu nauyi, ko wanda idon sawunsa ke yawan gurɗewa, ko mai tashi cikin ƙanƙara, but na yi masa rana. Laifin na Ɗan Fagge sabunta ne, ba fata ba. In zai tafi da shi, daga yau ya riƙa sa shi kullum, ya taka aƙalla mil 40 zuwa 50 da jaka a baya, a kan tudu ba a kan kwalta ba. Dutsen Kennesaw da Stone Mountain suna nan kusa da shi. Kuma ko but ko kambas, sanduna biyu na dogarawa su ne ke ceton gwiwa a gangara. Tsawonsu: in ka riƙe a fili, gwiwar hannu ta yi kusurwa daidai; a hawa ka rage, a gangara ka ƙara.

Kambas_Kawai: Na karɓi gyara, Baba. Amma in ya sauke jakar zuwa kilo 14 hujjar but ta ragu.

Nas_Baltimo: Bororo kuma tun yana ɗumi ake tare shi. Da ka ji wani wuri na zafi-zafi a dunduniya ko ɗan yatsa, zauna nan take, cire safa, busar da wurin, manna filasta mai ƙarfi irin Leukotape. In ya riga ya ɗuri ruwa kuma yana hana taku, goge allura da barasar asibiti, huda gefe ta ƙasa, matse, bar fatar a wurin, rufe. Ja da ke yaɗuwa, mugunya ko zazzaɓi, a sauka gari. Man kaɗe da dare na hana faso da kaushi. A guji shan ibuprofen kullum don a danne ciwo a ci gaba, yana wahalar da ƙoda da ciki in jiki ba ruwa, kuma yana ɓoye raunin da ke neman hutu. Sai ruwa. Matata irin Sawyer tana tare ƙwayoyin bakteriya da giyadiya (ƙwayar cuta mai sa gudawa), amma in ruwan cikinta ya daskare zarurrukan ciki sun fashe, kuma ba za ka gani da ido ba. Ka sa ta a leda ta kwana cikin buhun barcinka tare da waya da batir. Ka riƙe ƙwayoyin tsarkake ruwa kaɗan saboda ko ta lalace, ko ka tafasa na minti ɗaya. Matatar ba ta tare bairos. Cutar amai da gudawa ta norobairos tana yawan ɓarkewa a rumfuna lokacin cunkoso, kuma man goge hannu mai barasa ba ya kashe ta sosai, sabulu da ruwa ne maganinta. Kada ka sa hannu cikin ledar abincin wani, kada wani ya sa a taka. A zuba a tafin hannu.

Ɗan_Fagge_ATL: Allah ya saka. Tambayar da ta fi damuna yanzu: sallah da tsarki cikin wannan sanyi, da abincin halal a ƙananan garuruwa.

Ustaz_Mai_Tafiya: Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi. Tafiyarka ta ninka nisan kasaru sau da yawa, don haka azahar, la'asar da isha raka'a biyu-biyu ne, sai in ka yi niyyar zama kwana huɗu a gari, sai ka cika, a mazhabar Malikiyya. Haɗa salloli biyu ma an yi rangwame ga wanda ke kan tafiya. Alwala rabin lita zuwa lita ɗaya ta isa. Ɗebo ruwan ka yi nesa da ƙoramar, kada ka yi a bakinta tunda mutane daga nan suke sha, kuma na kurkurar baki ya zama tatacce. Da asuba in akwai gas, ɗumama shi kaɗan. In babu hali kuma kana tsoron cutuwa da gaske, taimama a kan dutse ko ƙasa mai tsarki ta halatta. Shafa a kan huffi na fata ya inganta in an sa shi bayan cikakkiyar alwala. A kan safa akwai saɓanin malamai, ka zauna da malaminka kafin ka tashi. Alƙibla daga arewacin Jojiya arewa maso gabas ce, wajen digiri 52 daga arewa ta gaskiya. Allurar kamfas a wurin ta karkata yamma da wajen digiri biyar, sai ka karanta 57. Ka sauke jadawalin lokutan sallah a waya tun kana gari, sabis yankewa yake. Babbar sallah za ta riske ka bayan wajen kwana sittin da tashinka, mai yiwuwa kana Bajiniya, ka duba gari mai masallaci tun da sauran lokaci.

Hajiya_Tsauni: Batun kama ruwa: buta ba za ta shiga jaka ba, amma gorar roba ta rabin lita mai hudajjen murfi tana yin aikinta, ka yi mata alama kada ta haɗu da ta sha. Inda babu makewayin rumfa, rami ake tonawa zurfin inci 6 zuwa 8, taku 70 daga ruwa da hanya da wurin kwana, a yi tsarki a kan ramin, a binne. Ƙaramin shebur na aluminiyam bai kai giram 30 ba. Ka lura da ganyen da ke fitowa uku-uku a kara ɗaya, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa.

Maman_Suya: Abinci kuwa, namu na gida ya fi dacewa da tafiyar nan fiye da yadda ake zato. Abin da ake nema shi ne ƙarfi mai yawa a nauyi kaɗan. Giram 100 na mai yana ba da kalori kusan 900, gyaɗa wajen 570, garin rogo wajen 350, dabino ƙasa da 300. Garin rogo da madarar gari da sukari da gyaɗa ba ya son wuta, ruwa kawai. Dakuwa da ƙuli-ƙuli suna jure kwanaki. Da dare kuskus, tafasasshen ruwa da minti biyar a rufe, a zuba mai cokali biyu, yaji, da kifin tuna na leda. Duk ana samunsu a shagunan 'yan Afirka na Atlanta, kuma kana iya aika wa kanka ƙunshi ta gidan waya zuwa garuruwan gaba. Kada a aiko maka da kilishi ko dambun nama daga gida, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo. Sayi naman halal a nan ka busar. A shagunan hanya karanta bayan leda: wasu taliyar minti biyu da waken gwangwani da alewa masu danƙo akwai alade ko jelatin a ciki. Makon farko ba za ka ji yunwa sosai ba, kada ka cika jaka. Bayan mako uku ne cin ke tashi har abin ya ba ka mamaki.

Bakano_Dawsonville: Gas: tafasa rabin lita na cin wajen giram 7 in ba iska, gwangwani mai giram 100 zai kai ka Neels Gap da rara. Ka nemi haɗin aisobuten da furofen, don buten zalla ba ya tashi in sanyi ya kai sifili. Da asuba sa gwangwanin cikin riga ya ɗumama. Ba a girki cikin rufaffen tanti, hayaƙin da ba a gani na kisa.

Zongo_Bronx: Wani abu da ba a faɗa ba: dole sai daga Jojiya? Daga 1 ga Maris zuwa tsakiyar Afrilu cunkoso ne. Wasu na farawa daga garin Harpers Ferry, wajen mil 1,025 daga Springer, a ƙarshen Afrilu ko Mayu, su yi arewa zuwa Katahdin, su dawo su yi kudu. Ƙasa ta fi laushi a farko, sanyi ya wuce, kuma ba fargabar 15 ga Oktoba, lokacin da hawa Katahdin ke zama sai yadda yanayi ya yi a gandun Baxter.

Malam_Sanda: Shawara ce mai kyau ga wanda sanyi ke ba wa wuya. Amma mai wata shida daga Maris zai isa a Satumba, yana da sarari. In ya tsaya a kan Springer, ya kauce wa 1 da 15 ga Maris da 1 ga Afrilu da ranakun Asabar, ya yi rajista a shafin ATCamp inda ake ganin yawan masu tashi kowace rana. Takardar izinin Smoky ana biyanta ta intanet, ya yi ta in ya kusa Fontana, inda ake shiga Smoky, kada ya yi tun yanzu ta ƙare. Ya duba sanarwar gyaran hanya, guguwar Helene ta Satumban 2024 ta yi ɓarna sosai a Karolina ta Arewa da Tenesi da kudancin Bajiniya. Kuɗi kuma kada ya lissafa ƙasa da dala 1,000 a wata, ban da kaya.

Nas_Baltimo: Na manta kaska, kuma wannan ya shafe mu musamman. Cutar Lyme da kaska ke yaɗawa ta fi yawa daga Bajiniya zuwa arewa. Jan zoben da littattafai ke nunawa a farar fata, a fatarmu yakan fito duhu-duhu kamar ƙurma, ko a kasa ganinsa sam, shi ya sa ake makara wajen gano ta a baƙar fata. Kada ka jira zobe. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, kasala da ciwon kai bayan tafiya a daji, ka gaya wa likita a fili cewa daga hanya kake. Fesa maganin ƙwari na fametirin a tufafi da safa da takalmi, ba a fata ba, ya bushe kafin a sa, kuma a nesa da kyanwa. Kowane dare lalubi bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu da bayan kunne, wasu ba su fi ƙwayar riɗi ba. In ka samu, kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe, ba wuta, ba mai.

Ɗan_Fagge_ATL: Na sake aunawa bayan na cire gatari, tukunya ɗaya, tufafi, rabin abinci da ruwa: kilo 16 da ɗoriya, kuma ban canza tanti ba tukuna. Amma da na goya na zaga unguwa, kafaɗuna ke ciwo. Jakar ce ba ta yi ba?

Alhaji_Dattijo: Ɗaurin ne, wataƙila da tsawon bayan jakar. Nauyi a ƙugu yake zama, kafaɗa riƙo kawai take yi. Sassauta duk igiyoyin, goya, ɗaure ɗamarar ƙugu tukuna ta hau kan ƙashin ƙugu, ba cikin ciki ba, sannan na kafaɗa, sannan ƙananan biyun da ke sama da kafaɗa masu janyo jakar zuwa jikinka, na ƙirji a ƙarshe. In ka iya zura yatsa tsakanin kafaɗa da igiya ba tare da jakar ta zame ba, ta zauna. Buhun barci a ƙasa, abinci da ruwa a tsakiya manne da baya, rigar ruwa a sama. Ka sa wani ya auna maka daga ƙashin da ke tsinin wuya in ka sunkuyar da kai zuwa daidai saman ƙashin ƙugu, ka faɗo mana santimita nawa ne da lambar da ke jikin jakar.

Hajiya_Tsauni: Kuma kafin ranar, ya kafa tantin sau biyu da dare da safar hannu, ya kwana a ciki a daren da aka ce za a yi ruwa. Gwangwanin abincin fa, Ɗan Fagge, kilo 16 ɗin da shi ne ko ba shi?